Yadda 6 Ta Koma 8: Nazarin Lamarin Na'urorin Xerox da Tsarin JBIG2

A ƙarshen watan Yulin 2013 wani kamfani a Jamus ya yi sikanin zanen wani gini a na'urarsa ta ofis, irin babbar nan da ke fotokwafi da firintin da sikanin duk a jiki guda. A kan takardar akwai ɗakuna uku, kowanne an rubuta girmansa da ƙananan alƙaluma: na farko murabba'in mita 14.13, na biyu 21.11, na uku 17.42. Da aka buɗe fayil ɗin PDF da na'urar ta fitar, sai ga ɗakunan nan uku duka ɗauke da 14.13. Rubutun bai dushe ba, bai karkace ba, babu alamar an goge wani abu. Lambobi ne tsaf-tsaf, sai dai ba su ne ke kan takardar ba. Zanen ne ya tona asiri, domin ido na ganin ɗaki babba amma adadin da ke cikinsa daidai da na ƙaramin da ke gefensa. Da a ce jerin kuɗaɗe ne ko lambobin asusun banki, babu abin da zai sa wani ya dakata ya sake duba.

Kamfanin ya kira David Kriesel, wani masanin kwamfuta da ke Bonn. Duk wanda ya san aikin, zarginsa na farko zai faɗa kan OCR, wato manhajar da ke karanta rubutu daga hoto ta mayar da shi haruffa, tunda an san ta da kuskuren karatu. To amma OCR a kashe take. Hoton takardar kansa ne ya canja. Kriesel ya gwada a na'urori biyu na kamfanin Xerox, WorkCentre 7535 da 7556, duka suka yi ɓarna, kuma ta biyun ba ma iri ɗaya take yi ba a kowane zagaye. Ya sa mata jadawalin farashi, sai 6 ta riƙa komawa 8 a wasu wurare. Ya buga shafi cike da lambobi da ƙaramin rubutun Arial mai girman 7, ya yi sikanin sa a ɗigo 200 a kowane inci, abin ya sake faruwa. In kuwa aka umarci na'urar ta ajiye hoton a matsayin TIFF, wani nau'in fayil ɗin hoto daban da PDF, lambobin na fitowa yadda suke. Ke nan idon na'urar lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar na faruwa ne a wani wuri tsakanin ganin takarda da rubuta PDF.

Wurin shi ne JBIG2, tsarin matse hoton baƙi da fari don fayil ya ƙanƙance. Domin a gane shi, sai an bi hoto daga lokacin da haske ya shiga na'ura har zuwa lokacin da ya zama ɗan ƙaramin fayil da ake turawa ta imel.

Daga haske mai faɗi zuwa baƙi da fari

Hasken duniya ya fi ƙarfin takarda da allo. Tsakanin bangon da rana ta haska da ƙuryar ɗaki mai duhu akwai ratar da ta kai ninki dubbai, wani lokaci dubun dubata. Hotunan da ake kira HDR an ƙirƙire su ne don su riƙe wannan faɗin duka. Tsarin Radiance na Greg Ward yana ajiye launuka uku, ja da kore da shuɗi, tare da wata lamba ta huɗu da ke faɗin girman hasken. OpenEXR, wanda kamfanin shirya dabarun finafinai Industrial Light and Magic ya saki ga jama'a a 2003, yana ajiye kowane launi da bit 16 ko 32 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta), a irin lambobin da ke iya zama ƙanana ƙwarai ko manya ƙwarai. Hoton yau da kullum kuwa bit 8 yake ba kowane launi, matakai 256 daga baƙi zuwa fari. A can ƙasa kuma akwai hoto mai mataki biyu: kowane ɗigo ko dai baƙi ne ko fari, bit ɗaya tak.

Lissafin girman fayil ne ke nuna dalilin da ya sa ake son saukowa. Shafin A4 a ɗigo 300 a kowane inci yana da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kusan miliyan 8.7. In an ba kowane launi bit 32, shafi ɗaya ya haura megabait 100. In bit 8 ne, kusan megabait 26. In an zubar da launi aka bar toka-toka, megabait 8.7. In aka sauko bit ɗaya, megabait ɗaya da 'yan kai, tun ma kafin a matse shi. Ofishin da ke sikanin dubban shafuka a wata ba zai ƙi wannan rangwamen ba.

Babu hanyar tsallakawa kai tsaye daga HDR zuwa matsattsen fayil mai mataki biyu, domin manhajar matsewar JBIG2 ba ta karɓar komai sai baƙi da fari. Dole a bi zango-zango. Da farko a haɗe launuka uku su zama ma'aunin haske guda. A ƙa'idar da aka fi amfani da ita kore ne ke ɗaukar kusan kashi 72 cikin 100, ja kusan 21, shuɗi kusan 7, saboda haka idon mutum yake. Sai a taƙaita faɗin hasken ya shiga matakai 256, ko ta hanyar logaridim ko ta dabaru irin wadda Erik Reinhard da abokan aikinsa suka wallafa a 2002. Sai kuma a ja iyaka: duk ɗigon da ya fi wannan haske fari ne, wanda bai kai ba baƙi ne.

Jan iyakar nan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Mutum zai ce a raba a tsakiya mana. Wace tsakiyar? Fayilolin HDR suna ajiye haske yadda yake a zahiri, hotunan yau da kullum kuwa suna lanƙwasa ma'aunin don ya dace da ido. Rabin haske na zahiri yana faɗawa wajen 188 ne a ma'aunin 0 zuwa 255, ba 128 ba. Mutum biyu za su iya cewa "na raba a tsakiya" su fito da shafuka biyu daban, ɗaya rubutunsa ya yi kauri har ramukan haruffa sun toshe, ɗaya ya sirance har layuka sun tsinke. Nobuyuki Otsu na Japan ya kawo hanya a 1979 da kwamfuta za ta zaɓi iyakar da kanta ta hanyar duba yadda ɗigogin shafin suka rabu gida biyu. Tana aiki sosai in haske ya bazu daidai, kamar a kan gilashin na'urar sikanin. Amma ɗauki takarda da kyamarar waya a bakin taga, rabi a rana rabi a inuwa, sai ka ga farin takarda na ɓangaren inuwa ya fi tawadar ɓangaren rana duhu. Babu iyaka guda da za ta yi wa shafin nan adalci. Shi ya sa hanyoyin Niblack da Sauvola suke lissafa iyaka dabam ga kowane ɗan yanki, gwargwadon hasken maƙwabtansa. A nan ne faɗin HDR ke da amfani na gaske, domin yana ajiye bambancin tawada da takarda har a cikin inuwa mai duhu, inda hoto mai bit 8 ya riga ya dunƙule su.

Abin da nake so a riƙe daga wannan zangon shi ne abin da ake zubarwa. A hoto mai toka-toka, ƙaramar 6 da ba ta fito sosai ba tana nuna kanta: ɗan gibin da ke samanta ta dama ba baƙi ba ne, ba fari ba ne, wani hazo ne. Mai karatu na ganin hazon ya san akwai shakka, ya matso da ido ko ya nemi asalin takardar. Da zarar an ja iyaka, hazon ya tafi. Kowane ɗigo an tilasta masa ya zaɓi ɓangare, kuma babu inda aka rubuta cewa da ƙyar ya zaɓa.

Yadda JBIG2 ke samun ƙanƙantarsa

Matse hoto mai mataki biyu tsohuwar sana'a ce, tun zamanin faks. Ƙa'idar Group 3 ta 1980 tana ƙirga tsawon jerin farare da baƙaƙe a kowane layi. Group 4 ta 1984 tana kwatanta kowane layi da wanda ke samansa ta rubuta bambancin kawai. JBIG na farko ya zo a 1993 da lissafin hasashe mai zurfi. Dukansu marasa asara ne: ɗigon da ka ba su shi za su mayar maka.

JBIG2 ya fito a 2000 a matsayin ƙa'ida mai lamba T.88 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya, a 2001 kuma ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ta fitar da shi da lamba 14492, kuma PDF ya karɓe shi tun daga siga ta 1.4. Yana raba shafi zuwa yankin rubutu, yankin hotunan ɗab'i masu ɗige-ɗige, da yankin gama-gari. A yankin gama-gari yana duban ɗigogin da suka gabata, har guda 16 a kewaye, ya yi hasashen na gaba, ya kashe bit kaɗan in hasashen ya yi daidai. Wannan ma ba ya canja komai.

A yankin rubutu ne dabarar take, kuma dabara ce mai kyau. Shafin littafi na iya ɗaukar haruffa dubu biyu ko uku, alhali siffofin da ke cikinsa ba su kai ɗari ba. Me zai sa a ajiye hoton harafin "a" sau ɗari biyu? Sai manhajar ta ware kowane dunƙulen baƙaƙen ɗigogi, ta tara masu kama da juna, ta zaɓi ɗaya ya wakilce su a cikin ƙamus na siffofi, sannan ta rubuta jerin wuraren da za a ɗora shi. Kamar mai hatimi ne: ya sassaƙa hatimi ɗaya ga kowace siffa, ya bi shafin yana bugawa. Fayil ɗin da zai fito sau da yawa yakan gaza na Group 4 da ninki uku zuwa biyar.

Tambayar ita ce, yaushe siffofi biyu suka zama "iri ɗaya"? A takardar da aka yi sikanin ta, babu "a" biyu da suka yi daidai ɗigo da ɗigo. Tawada ta ɗan bazu a nan, ƙura ta sauka a can, iyakar da aka ja ta yanke gefen wannan ta bar na wancan. Dole a yi sassauci. Manhajar kan ɗora siffa kan siffa ta ƙirga inda suka saɓa, in saɓanin bai kai wani adadi ba ta ce ɗaya ne. In aka tsananta, ƙamus ya cika da "a" iri hamsin, fayil ya kumbura, ribar ta tafi. In aka sassauta da yawa, sai a haɗa abin da bai haɗu ba. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, manhajar kuwa kamannin kawai take aunawa. Ba ta san lamba ba, ba ta san harafi ba.

A duba girman abin. Rubutu mai girman 7 yana nufin kashi 7 cikin 72 na inci. A ɗigo 200 a inci, wannan ɗigo 19 ne da ɗan ɗori, ita kuma lambar kanta ba ta cika wannan tsawon ba: kusan ɗigo 14 a tsaye, 10 ko ƙasa da haka a kwance. Duk siffar ba ta wuce ɗigo 140 ba, kuma abin da ya raba 6 da 8 'yan ɗigogi ne a kafaɗar dama, waɗanda jan iyaka ya riga ya yanke wa wasunsu hukunci bisa kuskure. A idon mai ƙirga saɓani, 6 da 8 na iya fin kusa da juna fiye da 8 mai kauri da 8 siririya. Da zarar sun shiga rukuni ɗaya, wakili ɗaya ne zai tsaya musu. Kuma wakilin siffa ce ta gaske da aka ɗauko daga wani wuri a shafin, da irin rubutun, da girman, da 'yar karkatar. Shi ya sa ba a gane ta.

Wannan ne ya raba wannan asarar da wadda muka saba. JPEG in ya matsu da yawa, hoto kan yi dishi-dishi da murabba'ai, kowa ya ga ya lalace. Faks mara kyau kan zo da zane-zane da ɓaraguzai. Lalacewar na shelar kanta. A nan kuwa shafin da aka ɓata ya fi na asali kyan gani, domin haruffansa sun daidaita, datti ya ragu.

Ƙa'idar JBIG2 ba ta tilasta wannan kasadar ba. Ta bayyana yadda za a buɗe fayil ne kawai, ta bar wa kowane kamfani ya tsara yadda zai matse. Har ma ta tanadi gyara: bayan an ɗora wakili, ana iya ƙara rubuta ɗan bambancin da ke tsakaninsa da siffar asali, ta yadda kowane ɗigo zai dawo mazauninsa. Hakan na cin ƙarin wuri. Saboda haka fayiloli biyu na iya zama JBIG2 duka, ɗaya amintacce, ɗaya ya sauya lambobi, manhajar karanta PDF kuma ta buɗe su ba tare da ta ce wa mai karatu uffan ba.

Abin da Xerox ya ce, da abin da ya biyo baya

Kriesel ya fara da bin hanyar da ta dace, ya kai ƙara sashen kula da abokan ciniki. Kwanaki suka wuce ba a sami wanda ya san abin ba. Ranar 2 ga Agusta 2013 ya wallafa bincikensa da hotunan kafin da bayan sikanin, da shafin lambobin gwaji don kowa ya buga ya jarraba a tasa na'urar. A ganina wannan shafin gwajin ne ya yi aikin. Ba sai an yarda da maganarsa ba. Duk mai irin na'urar na iya ganin 6 ɗinsa ta koma 8 cikin 'yan mintuna. Saƙonni suka fara shigowa daga masu wasu samfuran, wasu kuma suka nuna masa cewa alamomin na JBIG2 ne. Jaridun Jamus suka ɗauka, daga nan BBC da kafafen Amurka.

Amsar farko da kamfanin Xerox ya bayar ita ce matsalar ba ta faruwa a saitin da na'urar ke fitowa da shi daga masana'anta. Akwai matakan inganci uku, kuma sai wanda ya zaɓi na ƙasa, mai fitar da fayil mafi ƙanƙanta, zai gamu da ita. Sunan wannan mataki na ƙasa a jikin na'urar shi ne "normal". Kamfanin ya kuma nuna cewa akwai gargaɗi a rubuce a inda ake canja saitin, mai cewa ana iya samun musanyar haruffa a wasu takardu. Manyan jami'ansa biyu, Rick Dastin da injiniya Francis Tse, sun yi magana da Kriesel ta waya a kan wannan bayanin.

Wannan kariyar ba ta gamsar da ni, ko da a ce gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Gargaɗin yana gaban wanda ya saita na'urar ne, sau ɗaya, wataƙila shekaru da suka wuce. Sakatariyar da ke ɗora takarda kullum ba lallai ta taɓa ganinsa ba. Akawun da aka tura wa PDF ɗin a wani gari, ko lauyan da zai buɗe shi bayan shekara biyar, babu ta yadda za a yi su san da wane saiti aka yi shi. Kuma akwai bambanci tsakanin saitin da ke rage kyau da saitin da ke canja abin da takarda ta ce. Na farko ciniki ne da mutum zai iya yi da saninsa. Na biyu ya rushe dalilin yin sikanin gaba ɗaya, bai kamata ya zauna a jeri ɗaya da na farko kamar ƙaninsa ba.

Ashe ma bayanin bai cika ba. Kriesel ya koma ya gwada a manyan matakan ingancin, ya ga lambobi na ci gaba da musanya, sai dai ba da yawa kamar a na ƙasa ba. Ya aika wa kamfanin shaidarsa. Kafin tsakiyar Agusta Xerox ya fito ya amsa cewa akwai kuskure a manhajar, kuma yana shafar har saitin masana'anta. Nan lamarin ya sauya girma. Da, magana ce ta waɗanda suka taɓa saiti. Yanzu ta zama ta duk wanda ya yi sikanin ƙananan rubutu zuwa PDF a samfura da dama na dangin WorkCentre da ColorQube, na'urorin da ake ƙiyasta yawansu da dubban ɗaruruwa a ofisoshin duniya. Kuskuren kuma ya yi kimanin shekara takwas a kasuwa. Kamfanin ya ce fotokwafi da firintin da faks na yau da kullum ba su shiga ciki ba.

A yi wa Xerox adalci a nan: da ya amsa, bai ja ƙafa ba. Kafin watan Agusta ya ƙare ya fara sakin gyaran manhaja, kuma gyaran bai tsaya ga ƙara tsananta ma'aunin kamanni ba, ya cire musanyar siffofin ne ɗungurungum. Wannan zaɓin na nuna abin da injiniyoyin suka gano, cewa babu adadin da za a saita a rantse ba zai taɓa haɗa 6 da 8 ba a kowace irin takarda. Sai dai gyara ba ya shiga na'ura da kansa. Sai wani a ofishin ya ji labari ya ɗora shi.

Shekara takwas ba tare da an gano ba, wannan ne ya fi ba ni mamaki, kuma ina ganin amsar na cikin yadda muke ɗaukar hoto. Wanda ya ga lamba ba daidai ba a sikanin zai zargi wanda ya buga takardar, ko akawu, ko idonsa. Na'ura ce ta ƙarshe da zai zarga, tunda a tunaninmu hoton takarda takarda ce.

A watan Disambar 2014 Kriesel ya ba da labarin duka a taron shekara-shekara na ƙungiyar Chaos Computer Club a Hamburg. A 2015 hukumar tsaron bayanai ta tarayyar Jamus, BSI, ta shigar da darasin cikin ƙa'idarta mai suna RESISCAN, wadda ke tsara sikanin da ake yi da niyyar a lalata takardar asali bayan an gama: ta hana amfani da dabarun matsewa masu musanyar siffofi a irin wannan aikin. A Suwizalan ma cibiyar KOST, mai ba ma'ajiyun tarihi shawara kan adana fayiloli, ta yi gargaɗi a kan JBIG2.

Inda abin ya shafi rubutunmu

Lambobi aka fi magana a kansu saboda kuɗi da gine-gine da ma'aunin magani, amma manhajar ba ta bambanta lamba da harafi. Rubutun boko na Hausa yana da haruffan da ɗan lanƙwasa a kai kaɗai ya raba su da 'yan'uwansu, kamar ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k. A ƙaramin rubutu a ɗigo 200, lanƙwasar nan 'yan ɗigogi ce kawai. Duk mai sikanin tsofaffin jaridu ko littattafan Hausa da tsarin musanyar siffofi yana cikin wannan kasadar, kuma tasa ta fi ɓoyuwa, domin mun saba ganin Hausa ba lanƙwasa har ba ma lura in ta ɓace.

Takardun ajami da na Larabci kuwa tun a jan iyaka suke shan kashi. Haruffa da dama ɗigo ne ke raba su, kuma tsarin share datti na iya ɗaukar ɗigo ƙura. A rubuce-rubucen hannu na ƙasashenmu ana sa wasula da jar tawada, a Alƙur'anan hannu har da rawaya, a kan takardar da ta tsufa ta yi ruwan ƙasa. Bit ɗaya ba shi da wurin ja ko rawaya: ko su koma baƙi su haɗe da jikin harafi, ko su koma fari su ɓace. Irin waɗannan ba a saukar da su mataki biyu sai dai don kwafin aiki, asalin hoton mai cikakken launi na ajiye a gefe.

Wannan ba ya nufin a guji JBIG2 ko baƙi da fari. Ga shafin da aka buga da baƙar tawada a farar takarda, sikanin a ɗigo 300 ko 600, da iyaka mai bin hasken kowane yanki, da matsewar Group 4 ko yankin gama-gari na JBIG2, yana ba da ƙaramin fayil mai riƙe abin da aka ba shi. Manhajar jbig2enc da Adam Langley ya rubuta don aikin littattafan Google, wadda wasu manhajoji da yawa suka dogara da ita, ba ta shiga musanyar siffofi sai an umarce ta da alamar -s.

Ga wanda ke da tsofaffin fayiloli kuma, akwai hanyar dubawa. Umarnin pdfimages -list na manhajar Poppler yana jera hotunan da ke cikin PDF tare da irin matsewar kowanne, za a ga jbig2 a rubuce in shi ne. Hakan bai isa ya nuna an yi musanya ba, sai a ƙara girman shafin sosai a kwatanta harafi ɗaya a wurare daban-daban. In "e" goma duk sun yi daidai ɗigo da ɗigo, har da ɗan tsagin da ke gefensu, to daga ƙamus aka ɗauko su. Wannan zai gaya maka fayil ɗin abin tuhuma ne, amma ba zai gaya maka wace 8 ce asalinta 6 ba, domin ɗigogin asali ba sa cikin fayil ɗin. Sai dai a ɗauko takardar a sake sikanin ta, in ofishin bai riga ya yayyaga ta ba.